Tsibin Duwatsu a Bakin Kwazazzabo

Tun ina karatu a Lyon na kamu da son tafiyar ƙasa a kan tsaunuka, kuma har na gama na samu aiki ban warke ba. Duk lokacin zafi, in an ba ni hutu, sai in saɓa jaka a baya, in hau jirgin ƙasa zuwa gindin duwatsun da suka raba Faransa da Italiya, in yi ta tafiya daga kwari zuwa kwari, ina kwana inda rana ta faɗi mini. 'Yan garinmu na Damagaram da ke nan sun daɗe da yanke mini hukunci. Wai iyayenmu sun sha wuya sun sa mu lakwal, makarantar boko, don mu daina kwana a ƙasa, ni kuma na zo ƙasar Nasara ina neman kwanan ƙasa da ƙafata. Ba na musu da su, ina dai ci gaba da tafiyata. Amma akwai hanya guda da na daina bi, ko a taswira ba na son idona ya tsaya a kanta.

Kawuna, wan mahaifiyata, ɗan kasuwa ne a Paris. Yana da ɗan ɗaki a Stains, can gefen birnin, yana tara tsofaffin firji da kayan mota yana aikawa gida, iyalinsa kuwa duk suna Damagaram. Ɗansa na fari taubashina ne, sa'ana, gida ɗaya muka tashi, kuma tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani, ba mu gama ba. Kawu mutumin da ne. Kunyar ɗan fari ba ta taɓa bari ya ambaci sunan yaron ba, ko a gaban mutane ko a bayansu. In zai yi maganarsa da ni sai ya ce "abokin wasanka", in da wasu ne ya ce "yaron nan".

Abokin wasan nawa ya nemi biza har ya gaji. Ga mata, ga jaririya, ga uba a Turai, shi kuma yana zaune a gida yana kiwon 'yan tumaki, abin ya tsaya masa a rai. Bai shawarci kowa ba ya bi ta Agadas. Ya tsallake hamada, ya tsallake teku, duk abubuwan da ke cinye mutane ya wuce su. Muryarsa ta ƙarshe da ya aiko wa matarsa a waya, daga wani ƙauye ne na Italiya a gindin dutse, a tsakiyar sanyi. Ya ce gobe za su ƙetara da ƙafa, dutse ɗaya kawai ya rage, a gaya wa Baba ya tanadi bargo. Yana dariya a cikin muryar. Daga nan ba a sake jinsa ba.

Sanyi ya wuce, wani ya zo shi ma ya wuce. Duk safiya, kafin ya shiga harkarsa, Kawu kan ɗauki filas na shayi ya tafi Porte de la Chapelle, inda sababbin zuwa ke kwana a ƙarƙashin gada. Ya zuba wa mutum shayi, ya jira ya sha, sannan ya nuna masa hoto a waya. A nan ya gamu da wani ɗan Gine da ya gane fuskar. Ya ce tare suka hau dutsen. Kusa da mashigin sama, wato ƙofar da ke tsakanin kawunan duwatsu biyu inda hanya ke bi ta gangara, suka hango fitilu, kowa ya watse cikin dusar ƙanƙara. Su suka yi dama, wanda ke cikin hoton ya yi hagu. Iyakar abin da ya sani ke nan.

A gida kuwa matar tana nan a rataye, ba ta da miji, ba ta takaba. Iyayenta sun yi kawaici har suka gaji, suka aiko da magana mai laushi amma mai nauyi. Malaman unguwa suka ce maganar tana hannun uban yaro. In ya tabbatar a ransa ɗansa ya halaka, a yi sadaka, yarinya ta shiga takaba, ta samu ta ci gaba da rayuwarta. In bai tabbatar ba, sai jira. Kawu ya ƙi yanke hukunci. Ya ce shi ba zai kashe ɗansa da baki ba.

Wata Lahadi ya kira ni. Gaisuwar ma a gajarce ya yi ta, abin da ba halinsa ba.

"Kai da ka san duwatsun nan," ya ce, "ka kai ni in ga inda ya bi."

"Kawu, akwai mota mai kai mutum kusa da wurin. Yini guda mun je mun dawo."

"A'a. Da ƙafa za mu, tun daga nesa. Akwai makiyaya a can, ko ba haka ba? Yaron nan ya san tumaki. Wa ya sani ko wani ya tsince shi ya riƙe shi? Gani ya kori ji."

A nan na gane ba kabari zai je nema ba. Mutum mai rai yake nema, kuma ni ne zan yi masa jagora. Amma ba a ce wa kawu a'a.

Ya sauka a tashar jirgi ta Lyon da babbar riga, da takalmin fata sau-ciki, da jakar nan mai ratsi-ratsi ta 'yan kasuwa, buta na leƙowa daga bakinta. Na dube shi na ce, "Kawu, Hajji za mu ko dutse?" Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau dutsen nasa ba zai hango ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka fafe namu. Na ja shi kanti na sa masa takalmin hawa, ya yi ta taka ƙasa kamar an ɗaura masa bulo. Na rage kayansa rabi. Buta dai ya ce sai in a bar shi tare da ita. Kilishi da dabino da garin rogo ma ya ƙi bari, kuma a wannan ya fi ni gaskiya, don kafin mu gama tafiyar na fi shi kai hannu cikin ledar.

Rayuwar hanya ba ta da yawan dabara. Ka tashi da asuba tanti ya jiƙe da raɓa, ka sa hannu a ƙorama don alwala ka ji sanyin har cikin haƙoranka. Ka kunna risho ka dafa shayi, ka naɗe tantin a jiƙe ka cusa a jaka, ka san nauyin ruwan nan kai za ka ɗauke shi har rana ta ɗaga ka samu inda za ka shanya. Sannan tafiya. Ana bin alamar fenti, ja da fari, da aka shafa a jikin itace ko dutse. Da safe ake hawa, a tsallake mashigi kafin azahar, domin bayan azahar hadari ke haɗuwa, kuma tsawar can ba ta san girman kowa ba. Da la'asar a gangara kwari, a nemi fili kusa da ruwa, a cire takalmi a duba ɓarnar da aka yi wa ƙafa. A wanke safa a rataya a bayan jaka, gobe ta bushe a kan hanya.

Kawu ba shi da sauri, amma ba ya tsayawa. Tun ranar farko diddigensa ya yi bororo, ya ɓoye mini, sai da na ga yana ɗingishi na tsare shi. Da ƙyar ya miƙo mini ƙafar, yana kallon gefe, wai ɗan ƙanwarsa ne zai riƙe masa ƙafa kamar wani maras lafiya. Muna sallar ƙasaru a kan ciyawa, shi liman. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tsaya ya gaishe shi. Faransawa sukan ce bonjur suna wucewa, shi kuma ya buɗe baki zai tambayi gajiya da iyali, kafin ya fara har sun sha kwana. Ya ce gaisuwar mutanen nan ba ta da jela. Na yi dariya, shi ma ya yi, kuma ina jin ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na gani a wannan tafiya.

Akwai wata dabba a can mai kama da ƙatuwar gafiya, tana zaune a ramuka tsakanin duwatsu. In ta hango mutum sai ta miƙe ta yi fito mai ƙarfi, fito ɗaya, irin na mutum. Haka abokin wasana yake kiran tumakinsa. Na gaya wa Kawu dabba ce, na ma nuna masa ita tsaye a bakin raminta. Ya gyaɗa kai. Amma duk lokacin da fiton ya tashi sai ya waiga da sauri, ya daɗe yana duban gangaren, sannan ya gyara jakarsa ya ci gaba. Tun ina kawar da kai har ni ma na fara waigawa.

Ba mu wuce bukkar makiyayi ko masaukin matafiya ba tare da ya fito da wayarsa ba. Manyan karnukan nan farare masu tsaron garke su yi ta haushi, shi kuwa ya tsaya cak har mai garken ya fito. Wata makiyayiya, mace mai furfura da hannuwa kamar na manomi, ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ce in ƙanƙara ta narke sukan tsinci riguna da jakunkuna a gefen ƙoramu, wani lokacin kuma abin ya fi riga, sai a kira jandarmomi. Na so in rage maganar wajen fassara, na manta Kawu ya yi shekara da shekaru yana ciniki da Faransanci. Ya yi mata godiya, ya ba ta dabino.

A yammacin ranar muka tsinci takalmi ƙafa ɗaya a bakin ruwa, na yadi, irin wanda ake yawo da shi a gari, rana da ƙanƙara sun cinye launinsa. Kawu ya ɗauka, ya auna da taƙin hannunsa. Ashe mutumin da bai taɓa kiran sunan ɗansa ba ya san tsawon ƙafarsa. Ya ce wannan ya yi ƙanƙanta. Bai yar ba, ya kakkaɓe shi ya ɗora a kan dutse inda ruwa ba zai kai ba. Da muka zauna cin abinci, ya jiƙa garinsa ya bar shi a kwano har ya kumbura.

Da muka yi nisa, itatuwa suka ƙare, ciyawa ta koma gajera, muka shiga filin tsakuwa da manyan duwatsu a zube kamar an rushe gari. A irin wannan wuri fenti ba ya wadatarwa, saboda haka matafiya kan tara duwatsu tsibi-tsibi, ka tsaya a wannan ka hango na gaba. Ni na saba da su har ba na ganinsu. Ina gaba sai na ji takun Kawu ya ɗauke. Na waiga na same shi tsaye a gaban tsibin farko, ya jingine sandarsa, ya ɗaga hannuwa, bakinsa na motsi.

Na jira ya shafa. "Kawu, lahiya?"

"Na wane ne?"

"Mi?"

"Kabarin."

Sai a lokacin na tuna. Kawu ya yi yaron mota a ƙuruciyarsa, a hanyar Agadas da gaba da ita. A can in matafiyi ya cika a hanya, a tona iyakar abin da ƙasa ta yarda, a rufe shi, a tara duwatsu a kansa don kada dila ya tone. Duk wanda ya zo wucewa ya yi masa addu'a. Kawu ya tara irin waɗannan duwatsu da hannunsa. A wurinsa tsibin dutse a bakin hanya ma'ana ɗaya gare shi.

Na yi masa bayani a tsanake. Na ce alamar hanya ce kawai, babu kowa a ciki, ƙasar nan ma ba ta tonuwa.

"Wa ya tona ya gani?" ya ce.

"Kawu, ni kaina na sha ƙara dutse a kansu."

"To, ka ƙara wa mutum nauyi ba ka sani ba."

Daga nan bai wuce ko guda ba. Kowane tsibi sai ya tsaya, ya jingine sanda, ya ɗaga hannu. Su kuwa ga su nan jere har inda ido ya ƙare. Rana ta yi tsaka, gajimare ya fara taruwa a bayanmu, raina ya ɓaci. Na ce masa in muka ci gaba a haka tsawa za ta same mu a fili, kuma a lokacin ne za a samu kabari na gaske. Maganar ta fita kafin in kama ta. Ya gama addu'arsa ya shafa. Wasu samari suka zo suka wuce mu, ɗaya ya zauna a kan tsibin da ke gaba yana ɗaure igiyar takalmi yana cin tuffa. Kawu ya juya baya har yaron ya tashi.

Ruwa bai same mu ba ranar, sai da muka kafa tanti ya sauko. Da ya ɗauke na fito ɗibar ruwa, na ɗaga kai na dubi gangaren da muka biyo. Rana na gab da faɗuwa, inuwar kowane tsibi ta miƙe doguwa a ƙasa. Na yi shekaru ina bin waɗannan duwatsu, ban taɓa ganinsu haka ba. Maƙabarta na gani, layi ɗaya, tana hawa dutse. Na cika butar Kawu na koma da sauri.

Washegari ita ce ranar mashigin da ɗan Gine ya kwatanta. Muka tashi cikin hazo mai kauri, irin wanda in ka miƙa sanda ba ka ganin bakinta sosai. Da ni kaɗai ne da na zauna a tanti na jira. Kawu ya riga ya ɗaura jakarsa. Muka yi dabarar da ake yi, shi ya tsaya a tsibi ɗaya, ni in yi gaba a hankali har in ga na gaba ya fito daga cikin farin, in kira shi ya biyo muryata. Babu iska, babu tsuntsu, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalmi da numfashinmu. Can wani wuri ƙararrawar tunkiya na bugawa, ba ka san ko sama take ko ƙasa ba. Na lura Kawu ya daina ɗaga hannu. Yana dai kallon yadda nake nemo su ɗaya bayan ɗaya.

Da muka kai mashigin ya zauna a kan jakarsa. Na ba shi ruwa ya sha.

"Bon," ya ce. "Na yarda da kai. Alamar hanya ce. In babu su, da yau mun ɓace."

"Haka ne, Kawu."

"Lokacin sanyi, ƙanƙarar nan ina take kaiwa?"

Na nuna masa da hannu. Na ce tana rufe tsibin gaba ɗaya, a wasu wuraren ta fi tsawona.

"Fentin fa?"

"Yana ƙarƙashi."

"To da mi mutum ke ganin hanya?"

Na so in yi ƙarya. Na nemi wata magana mai sauƙi ban samu ba. Na ce, "Ba ya gani, Kawu."

"Ga duhu," ya ce.

"Ga duhu."

"Ga gudu."

Ya miƙe, ya bar jakarsa a nan, ya juya hagu.

Hagun nan shi ne abin da har yau yake hana ni sukuni. Ba wurin tsoro ba ne a ido. Gangare ne mai sauƙi, shimfiɗe da gajerar ciyawa, ya fi hanyar gaskiya daɗin takawa. Duk wanda ya firgita, ƙafarsa da kanta za ta kai shi can. Muka yi ta sauka a hankali, ina riƙe da gefen rigar Kawu kamar yaro. Kafin mu ga komai muka fara jin ruwa, can ƙasa, nesa ƙwarai, a inda bai kamata a ji ruwa ba. Sai ciyawar ta ƙare. Babu shinge, babu alama, ƙasa ce kawai ta yanke, hazo ya cika ramin har baki.

Kawu ya daɗe a tsaye. Ban ga hawaye ba. Na ji dai ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, kamar yana gaya wa wani da ke kusa. Sannan ya ja da baya kaɗan daga bakin, ya naɗe hannun riga, ya fara ɗauko duwatsu.

Na gane abin da zai yi, na kuma san doka. Duk mai bin waɗannan hanyoyi ya san ba a tara dutse a inda ba hanya ba. Amma ta yaya zan buɗe baki in gaya wa uba haka? Sai na shiga tayawa. Ya ce in duba masa alƙibla a waya, na duba. Ya shata tsawon da ƙafarsa, tsawon mutum dogo. Muka yi ta jido, hannuwa suka daskare, kaifin dutse ya yanke shi a yatsu bai kula ba. Ya iya aikin. Manya a ƙasa, ƙanana a tsakani, babu wanda ke motsi. Daga ƙarshe ya samo wani dogon dutse mai faɗi ya kafa shi tsaye a wajen kai. Ya tsaya gaba, na tsaya bayansa, ya yi kabbara huɗu babu gawa. Muryarsa ba ta yi rawa ba.

Bayan mun sallame muka zauna a gefen kabarin. Na tuna abokin wasana yana ce mini bawansa mai kwana a daji. Ina cikin haka na ji Kawu ya kama hannuna da ƙarfi.

Daga sama, ta inda muka biyo, wata inuwa ce ke fitowa daga cikin hazo. Mutum ne dogo, ya rufe kansa da hular riga, yana saukowa kai tsaye wurinmu, ba ya ko shakka. Kawu ya miƙe. Sai na ji ya kira suna. Sunan ɗansa, cikakke, da ƙarfi, har dutsen da ke ƙetare ya maido masa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba sai ranar.

Inuwar ta tsaya, ta ɗage hular. Wani Bature ne, saurayi, da jaka a baya da sanduna biyu. Ya yi murmushi ya ce bonjur, ya nuna dutsen da muka kafa, ya ce ya ji daɗi, don ya zata ya ɓata hanya. Yana faɗa yana ci gaba da tafiya, zai wuce mu ya nemi tsibi na gaba. Na yi tsalle na tare shi, na daka masa tsawar da ban san ina da ita ba. Na ja shi na nuna masa inda ciyawa ta ƙare. Ya leƙa, fuskarsa ta canja, ya zauna a ƙasa. Da ya dawo hayyacinsa na raka shi sama har mashigin, na ɗora shi a kan hanya, na jira takunsa ya ɓace ta dama.

Na dawo na tarar da Kawu a inda na bar shi.

"Mi ya kawo shi nan?" ya ce.

"Dutsenmu, Kawu. Ya hango shi a cikin hazo ya ɗauka hanya ce."

"In ba mu nan fa?"

Ya dubi kabarin, ya dubi inda yaron ya fito. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Shi ma ɗan wani ne."

Ya durƙusa ya ɗauke dutsen da ke sama. Na sunkuya zan taya shi, ya ɗaga mini hannu. Shi kaɗai ya yi. Bai ture ba, bai watsar ba. Kowane dutse sai ya ɗauke shi da hannu biyu, ya kai shi nesa ya ajiye, wannan can, wancan can, yadda ba wanda zai ga biyu tare ya ce hannun mutum ne. Na zauna ina kallon tsoho yana rushe kabarin ɗansa, ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan zaman ba. Dogon dutsen kai shi ya bari ƙarshe. Ya dafa shi na ɗan lokaci, ya girgiza shi ya fita, ya kwantar da shi a cikin ciyawa. Da ya gama, wurin ya koma kamar ba mu taɓa zuwa ba, sai ɗan shatin danshi a ƙasa.

Muka koma muka ɗauki jakunkuna, muka bi dama. Gangarar doguwa ce, gwiwoyi na kuka. Ba mu tsaya cin abinci ba. Hazo ya fara yayewa da muka kai itatuwa, muka hango rufin gidajen wani ƙauye a ƙasa. A nan wayar Kawu, wadda ba ta samun layi a saman dutse, ta yi ƙara a aljihu.

"Rezo ya dawo," na ce.

Ya zauna a kan wani kututture, ya goge yatsunsa a wando, ya kira matarsa a Damagaram. Ya buɗe muryar yadda zan ji. Ta ɗauka da murna, ta shiga gaisuwa, shi kuma bai gajarce ba ko kaɗan. Ina wuni, ina gajiya, ina sanyi, yaya tahiya, yaya ƙafa, yaya ɗan ƙanwarka. Yana amsawa, lahiya lau, lahiya lau, da godiya. Ya tambayi yara, ya tambayi damina, ya tambayi jikarsa ko ta fara magana. Sai da gaisuwa ta ƙare tas, babu sauran abin tambaya, sannan ya yi shiru. Ita ma ta yi shiru, don ta san inda ya tafi.

"Hajiya," ya ce, "sai haƙuri. Ki kira matar yaron nan, ki ce ta shiga takaba."

Na ji salatinta ta cikin wayar, na ji wani kwano ya faɗi. Sannan muryarta ta dawo, ƙarama.

"Alhaji, an rufe shi?"

Kawu ya dubi yatsunsa. "Wanda ya ba mu shi ya rufe shi."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "To in Allah ya kai ni ƙasar nan wata rana, ka nuna mini wurin in yi mishi addu'a."

Kawu ya miƙo mini wayar, ya tashi ya shiga cikin itatuwa.

"Ɗana," ta ce, "kai ne? Kai ka san duwatsun. Za ka gane wurin, ko?"

Na ce ina jin ki, Inna. Ita kuma tana jira.